Shirin yau: "Na samo IP ɗinka", barazana ce ko cika baki?

Idan muhawara ta yi zafi a Facebook, sai ka ji wani ya ce "na samo IP ɗinka, ka kuka da kanka." To, mu duba.

Shiga saitin Wi-Fi na wayarka, za ka ga lamba kamar 192.168.1.5. Wannan adireshin cikin gida ne. Tun 1994 aka ware rukuni uku domin haka: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, sai 192.168. Ba sa fita intanet, shi ya sa wayoyi bila adadin ke riƙe da irin lambarka yanzu haka. Kamar a ce maka "ɗaki na biyar" ne. A wane gida?

Kusa da ita akwai 255.255.255.0, wato sabnet mask. Aikinta raba adireshin kashi biyu: inda 255 yake sunan gida ne, inda sifili yake lambar ɗaki. Ke nan 192.168.1 gida, 5 wayarka. Gurabe 256 ne, an keɓe 0 da 255, saura 254, rauta ma ta ɗauki ɗaya. Da ita wayarka ke gane firinta mai 192.168.1.20 'yar gida ce, mai 192.168.2.20 kuwa sai an bi ta rauta.

Amma fa ban ce a saki jiki ba. Adireshin da shafuka ke gani na waje ne, kamfanin sadarwa ke bayar da shi. Ga mai barazana, yawanci gari kawai zai nuna. Kamfanin kuwa ya san layin, kuma a Najeriya an haɗa layi da NIN.