Kafin Ka Koma Tsohuwar Manhaja, Duba Ajiyarka

A Sanam da sauran garuruwan Kurfai, a yankin Filinge, kwamfutar da ke hannun malamin makaranta ko ma'aikacin ofis galibi ta hannu ce. Idan aka ɗora mata Windows 11 ta yi nauyi, sai mai gyara ya mayar da ita Windows 10. Nan matsala take ɓullowa, domin ajiyar da sabuwar manhaja ta ƙulle cikin tsarinta, ba lallai tsohuwa ta iya buɗewa ba. Ko a iPhone, ajiyar sabon iOS ba ta shiga tsoho. Windows 11 kuwa kwana 10 kacal take bayarwa a koma baya cikin sauƙi. Bayan nan sai an girka manhaja daga tushe, wanda ke iya share komai.

Don haka ajiyar da za a dogara da ita ita ce kwafin fayiloli yadda suke: takardu, hotuna da muryoyi a zuba su cikin filas ko katin ajiya, a buɗe kaɗan a wata na'ura a tabbatar suna aiki. Wani zai ce wannan ba ya adana manhajoji da saiti. Gaskiya ne, amma manhaja ana sake girka ta, jerin makin ɗalibai kuwa idan ya ɓace ya tafi. Wanda ajiyarsa ta riga ta ƙi buɗuwa, kada ya goge ta. Ya nemi kwamfuta mai sabuwar manhajar, ya fitar da fayilolinsa a can. A tuna kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.