Tsuntsu Mai Kama Ƙuda, Baƙon Kurmi da Damina

Ku sani akwai wani tsuntsu da kan sauka a kurmin ƙasar Kiru da Bebeji, har Tudun Wada da Doguwa, in damina ta kankama. Mutane da yawa sukan ɗauka zalaiɗu ne saboda doguwar wutsiyarsa, alhali kuwa ko dangi ba su haɗa ba. Masanan tsuntsaye na Turai suna ce masa mai kama ƙuda na Aljanna.

Ga kamanninsa. Jikinsa kamar inci 7 ne. Kansa baƙi ƙirin, yana walƙiya, da ɗan tukku a ƙeya. Bakinsa da kewayen idonsa shuɗi ne, sai ka ce an ɗiga masa baba. Bayansa ja ne kamar jan ƙasa, amma akwai mazan da bayansu da wutsiyarsu fari fat, kuma duk iri ɗaya ne. Namiji kaɗai ke da gashin wutsiya biyu dogaye, masu kai tsawon jikinsa ko su fi.

To, in kana son rarrabe shi da zalaiɗu, dubi cimarsa. Zalaiɗu a fili yake tsintar ƙwayar ciyawa a ƙasa, kuma a sheƙar wani yake zuba ƙwai. Wannan kuwa inuwa yake bi. Yakan zauna bisa reshe, ya yi wuf ya cafke ƙwaro a iska, ya komo. Sheƙarsa 'yar ƙarama ce kamar finjali, ya ɗaure ta da yanar gizo a tsakanin rassa, ƙwai biyu ko uku, miji da mata suna kwanci bi da bi. Mai nemansa sai ya yi sammako, ya zauna shiru gindin kanya ko maɗaci a bakin rafi.

Amma fa ba ya zama inda babu inuwa. Dajin Falgore yana cikin tsaro tun zamanin Turawa. A Ɗansoshiya kuwa gwamnatin Kano ta buɗe wa makiyaya matsuguni a 2020, ga kuma masu gawayi da masu faskare suna ta cin dazuzzukan yankin. A ganina ya kamata dagatai da ma'aikatan gandun daji su hana sare itatuwan bakin rafi musamman, domin a nan yake ƙyanƙyasa kafin ya koma kudu da kaka.