Manhajar "kyauta" da ke kashe kanta bayan kwana 180

Tun da JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024, makarantu masu zaman kansu da shagunan kwamfuta na cikin birnin Zariya suka shiga neman abin da a da sai jami'a ko banki: saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi da sakamako tana raba wa sauran. Mai makaranta a Ƙofar Kibo zai tara kuɗi ya sayi na'urar, ya sayi batir da sola saboda rashin wuta, sannan ya kira yaron da ya iya ya ɗora masa manhaja. Idan ya tambayi kuɗin manhajar, amsar ɗaya ce: "Ai kyauta ce, Malam."

Sau da yawa yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai kyautar iri-iri ce.

Windows Server ita aka fi ɗorawa, don kowa ya saba da Windows. Microsoft na bayar da ita a sauke ba ko kwabo, amma ta gwaji ce, wa'adinta kwana 180. Da wa'adin ya cika, kwamfutar za ta riƙa kashe kanta duk bayan awa guda. Wanda ya ɗora a watan Oktoba, matsalar za ta same shi a Afrilu, daidai lokacin da ɗalibai suka cika ɗaki suna gwajin jarabawa. Sai a ɗora wa batir laifi, ko zafin bazara, alhali sharaɗi ne da aka danna "na yarda" a kansa ba a karanta ba. Lasisin gaskiya ya haura dala 1,000, ban da kuɗin da ake biya kan kowane mai amfani ko kowace na'ura da ke shiga sabar. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, lissafin kuwa ba ya buƙatar malamin lissafi.

Rumbun bayanai na SQL Server ya fi rikitarwa. Akwai nau'i biyu na kyauta. Developer yana da komai, amma an yarda a yi koyo da gwaji ne kawai da shi. Ranar da aka zuba sunayen ɗalibai na gaske da kuɗin makarantarsu, an karya sharaɗi. Express kuwa halal ne a yi sana'a da shi, illa dai a fitowar 2022 da waɗanda suka gabace ta rumbun ba ya wuce gigabayit 10. Ga makarantar unguwa wannan ya isa har da ragi, amma yawanci Developer ake zaɓa saboda sunansa ya fi cika baki.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne kamfanonin ba sa duba girman shago. Wurin TeamViewer, manhajar da masu gyara ke shiga saba da ita daga nesa, kyauta ta amfanin kai ce kawai. Wanda ya karɓi naira 2,000 ya gyara wa wani, ya zama ɗan kasuwa, kuma idan manhajar ta zargi haka takan riƙa katse shi.

Akwai wata kyautar da ba ta da wannan tarko. Ubuntu da Debian, da rumbun PostgreSQL, da Moodle da ake shirya darasi da jarabawa a kansa, lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su, a caji ɗalibai, a ɗora a kwamfuta ɗari. Kuɗin da za a kashe na mutumin da ya iya su ne, irinsu kuma ba su rasuwa a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take. Matsalar ita ce ranar da ya kammala karatu ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri a kansa.

Ko a nan ma ba a rasa gargada. A Disamba 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da yanke wa CentOS 8 rayuwa a ƙarshen 2021, maimakon 2029 da aka sa rai. CentOS 7 ta bi ta a ranar 30 ga Yuni, 2024. Sabar da har yau take kan ɗayansu tana aiki, amma babu mai toshe mata ɓaraka idan an gano. Masu ita sai su koma Rocky Linux ko AlmaLinux, waɗanda aka ƙirƙira don cike wannan gurbi.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta Najeriya ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, kamar littafi. Da wuya dai jami'i ya shigo lungun Ƙofar Kibo don duba lasisin saba guda. Abin da ya fi kusa da mai makarantar shi ne manhajar da aka fasa makullinta aka sayo a filashi: ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta, ga shi sabar tana ɗauke da hotunan yara, lambobin NIN ɗinsu da lambobin wayar iyayensu.