Tsofaffin rediyo da wayoyin tarho: man da ke dawo da sheƙinsu, da wanda ke kashe shi

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai akwatin rediyo da ya yi shekara da shekaru bai yi magana ba. Wani yana kan kabad ƙura ta lulluɓe shi, wani yana ɗakin ajiya tare da tsofaffin kwanuka. A gidajen tsofaffin ma'aikata ana iya tarar da baƙar wayar tarho mai nauyi, irin wadda ake juya lamba da yatsa. Yanzu da matasa suka fara fito da irin waɗannan kaya suna ƙawata shago ko ɗakin ɗaukar hoto, ƴan uwa da ke Turai kuma suna ganin yadda ake cinikinsu a kasuwannin gwanjo da shafuka irin su eBay da Leboncoin, tambayar da ke fara zuwa ita ce: da me za a goge su su yi ƙyalli?

A nan ne ake yin ɓarna. Rediyon da ya jure hazo da zafi na shekara sittin yana iya lalacewa cikin minti biyar a hannun jikan mai shi, da tsumma da ɗan fetur.

Kayan nan suna da tarihi a ƙasar nan. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, tashar da daga baya ta zama Muryar Sahel, sannan a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda jama'a ke taruwa a gaban akwati ɗaya. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963. Akwatin da ke kan kabad ɗin nan, ta cikinsa mutanen gida suka ji labarin samun ƴancin kai a 1960 ko juyin mulkin 1974. Idan aka ƙone fuskarsa, babu kantin da za a je a sayo wani.

A san jikin kafin a taɓa shi

Abin da muke kira roba iri-iri ne, kuma man da ke gyara wannan shi ke narkar da wancan.

Ɗaya daga cikin mafi tsufa shi ne bakelit. Wani masanin sinadarai haifaffen Beljiyam, Leo Baekeland, ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1907, ta hanyar haɗa sinadaran fenol da fomaldehayid. Ba ya narkewa da zafi, kuma lantarki ba ya bi ta jikinsa, shi ya sa kamfanonin tarho da rediyo suka rungume shi. Kamfanin Ericsson ya fito da wayarsa ta bakelit mai lamba DBH 1001 a 1931, kuma siffarta ce Ingila ta bi a wayarta mai lamba 332. A Faransa, hukumar gidan waya ta PTT ta ɗauki samfurin U43 a 1943, galibi baƙi. Rediyoyi masu fitilun gilashi a ciki, na Philips da makamantansu, da yawa jikinsu bakelit ne mai launin ƙasa-ƙasa.

Gane shi ba wuya. Yana da nauyi, idan aka ƙwanƙwasa yana ba da sauti mai kauri, launinsa kusan kullum baƙi ne ko ruwan ƙasa. Idan mutum ya murza wani lungu da babban yatsa har wurin ya yi ɗumi, ya sunsuna, zai ji wari irin na maganin wanke asibiti. Wasu suna gwadawa da allura mai zafi. Kada a yi haka: idan abin ba bakelit ba ne, an huda shi ke nan.

Daga ƙarshen shekarun 1950 sai robobi marasa nauyi masu launi suka karɓe kasuwa. Wayar S63 ta Faransa, mai ruwan toka, wadda ta fito a 1963, da robar ABS aka yi ta. Ƙananan rediyoyi masu aiki da batir, irin na National, Sony da Sharp da suka cika kasuwanninmu daga baya, su ma ABS ne ko folistirin. Waɗannan su ne fetur, tina da ruwan cire jan farce ke cinyewa nan take. Wurin ya yi fari, ya yi danƙo, zanen yatsa ya zauna a kai har abada.

Sirrin bakelit yana fatarsa

Abin da ya kamata duk mai riƙe da tsohuwar waya ya sani shi ne, sheƙin bakelit a sama kawai yake. Lokacin ƙera shi ana cakuɗa sinadarin da garin katako, a matse a cikin ƙarfe mai zafi. Wata siririyar fata ta tsantsar sinadari ce ke fitowa a sama, ita ce mai ƙyallin. Ƙarƙashinta garin katako ne. Duk man gogewa, kowane iri ne, aikinsa shi ne kankare ɗan abu kaɗan daga sama don wurin ya yi sumul. Idan aka ci gaba da kankara har aka ratsa fatar, za a ga wurin ya yi ɗigo-ɗigo, ya yi kaushi kamar bayan lemu. Daga nan ƙarin gogewa ƙarin lalacewa ne.

Rana ma tana cin wannan fata, haka sabulu mai ƙarfi. Garin sabulun wanki, ruwan jabel da duk wani abu mai kanwa-kanwa suna dusar da bakelit. Idan aka ga ruwan wanki yana komawa ruwan ƙasa, ba datti kaɗai ke fita ba, har da jikin kayan. Toka da yashi da ake goge tukunya da su, ko soson ƙarfe, ba a ma kawo su kusa.

Matsalarmu ta musamman ita ce ƙura. Ƙurar hunturu ɓarɓashin yashi ce, ta fi kowace roba tauri. Wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya share rediyo mai ƙura, daidai yake da wanda ya bi shi da samfefa. Don haka aikin farko shi ne a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, irin na fenti wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Sannan a jiƙa ƙyallen auduga da ruwa mai ɗumi da ɗigo biyu na sabulun wanke kwanuka, a matse sosai, a share, a bi da busasshe. Tsohon burushin haƙori yana shiga lunguna. Sau da yawa bayan wannan wankin ana tarar da cewa sheƙin yana nan, datti ne ya rufe shi, kuma babu buƙatar man gogewa ko kaɗan.

Wane mai?

Masu tara tsofaffin wayoyi a Ingila sun fi yarda da wani mai da ake kira Paste Polishing No. 5 na kamfanin Greygate, wanda ma'aikatan gidan wayar ƙasar suka yi amfani da shi a kan wayoyin bakelit. A Amurka an fi sanin Novus, mai lamba uku: lamba 1 na sharewa ne, lamba 2 na ƙananan karce, lamba 3 na karce mai zurfi. Ga bakelit da ABS, lamba 2 ta isa. Akwai kuma Simichrome da Autosol na Jamus, waɗanda asalinsu na goge ƙarfe ne amma laushinsu ya sa ake amfani da su. Simichrome yana da wani amfani na biyu: idan aka shafa shi da auduga a kan bakelit, audugar takan koma rawaya. Wanda ke da ɗan uwa mai dawowa daga Turai, bututu ɗaya na ɗayan waɗannan ya ishe shi gyara kaya da yawa.

A kan Brasso kuwa ra'ayi ya rabu. Yana fito da ƙyalli da sauri, amma akwai amoniya a cikinsa, kuma yana barin farin gari a cikin ramuka da tsagogi. A ganina, abin da aka gada daga kaka bai cancanci a yi gwaji da shi ba, tunda akwai abin da ya fi Brasso sauƙin hali.

Wanda ba shi da hanyar samun waɗannan, akwai abu biyu kusa da shi. Na farko man goge jikin mota mai laushi, wanda masu fentin mota ke ƙarasa aiki da shi, ba mai kaushin da suke fara cin fenti da shi ba. Na biyu farin man goge baki, wanda ke iya rage ƙananan karce a kan roba da kan murfin lamba mai haske. Kowanne aka zaɓa, a fara gwadawa a ƙasan kayan inda ido ba ya gani, a ɗebi kaɗan kamar ƙwayar wake, a murza da hannu a hankali. Injin gogewa yana ƙona bakelit ta gefe-gefe, yana kuma narkar da ABS.

Bayan gogewa sai kaki, kuma a nan yanayinmu yana da ta cewa. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin nan yake yin laushi, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu laushin ya isa ya kama ƙura. Kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na Brazil, sai ya haura digiri 80 yake narkewa, kuma shi ne a cikin yawancin kakin mota mai kyau. Gidajen tarihi suna amfani da Renaissance Wax, wanda aka samar a ɗakin bincike na gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. A shafa siriri, a bari ya bushe, a goge.

Bakelit ɗin da fatarsa ta riga ta tafi, kaki ne kaɗai maganinsa. Man takalmi irin Kiwi, baƙi ga baƙar waya, ruwan ƙasa ga rediyo, yana cike ƙananan ramukan ya dawo da launi. Ba gyara ne na dindindin ba, sai an riƙa sabuntawa, kuma a kan hannun tarho yana iya shafa wa kunne da farar riga baƙi.

Man gyaɗa, man kaɗanya, basilin da baƙin mai duk suna sa abu ya yi ƙyalli na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa masu neman sayar da kaya da sauri ke son su. Bayan mako guda ƙura ta manne, man girki ya fara wari, kuma a kan bakelit mai kaushi man yana shigewa ciki ya ƙi fita. Mai saye ya kula: rediyon da ke sheƙi kamar an fito da shi daga ruwa, a shafa yatsa a duba.

Gilashin tashoshi da akwatin katako

Gilashin gaban rediyo, inda aka rubuta sunayen birane da zangon mita, shi ne wurin da kuskure ba ya gyaruwa. A bayan gilashin aka buga rubutun, kuma a rediyoyi da yawa jiƙaƙƙen tsumma kawai ya isa ya share shi. A goge gaba, a bar baya yadda yake, ko da akwai ƙura. Haka abin da ke kama da azurfa a jikin ƙananan rediyoyin batir: sau da yawa fenti ne siriri a kan roba, man goge ƙarfe yana ɗauke shi a shafa ɗaya. Eriya da ƙarfen gaske ne kaɗai ke son Autosol.

Manyan rediyoyi irin na Grundig da Telefunken masu akwatin katako, abin da ke samansu ɓawon katako ne mai kyau da aka manna, siriri ƙwarai, samfefa tana ratsa shi nan da nan. Ruwan sheƙin da aka shafa musu a masana'anta, wani alkol ke narkar da shi, wani tina. Sharewa da kaki sun wadatar. Feshin goge kujeru mai silikon yana shiga tsagogi ya hana duk wani fenti kamawa daga baya. Yadin da ke rufe lasifika kuma burushi kawai ake bi da shi.

Robar ABS da ta koma rawaya, man gogewa ba ya mayar da ita fara sosai. Akwai dabarar da ke yawo a YouTube ta shafa ruwan oksijene a shanya a rana. Tana aiki, amma rawayar kan dawo bayan wani lokaci, kuma a ranarmu robar tana iya yin dabbare-dabbare ko ta lanƙwashe.

Abin da ya shafi lafiya

A wasu kayan bakelit da cikin wasu tsofaffin rediyoyi an yi amfani da asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar huhu mai tsanani. Wannan ƙarin dalili ne na barin samfefa, da barin taɓa duk wani farin faifai mai kama da kwali da aka gani kusa da fitilun ciki.

Sannan kada ƙyalli ya ruɗi kowa ya jona rediyo mai fitilu da wuta don ya ji ko yana magana. A cikinsa akwai ƙarfin lantarki da ya haura bolt 250, rufin wayoyinsa ya bushe, kondansatocinsa sun tsufa, kuma a wasu samfurori ƙarfen ciki kai tsaye yake haɗe da wutar gida. Wanda aka kawo daga Amurka na bolt 110 ne ko 120, namu kuwa 220 ne. Wannan aikin tsohon mai gyaran rediyo ne da ya san irinsu, kuma irin waɗannan masu gyara suna ƙaranci, domin yaran da ke koyon sana'a yau gyaran salula suke koya.

Ga wanda ke tunanin sayarwa, masu tara irin waɗannan kaya sun fi biyan kuɗi a kan abin da bai sha fenti ba, wanda maɓallansa na asali ne, takardar da ke manne a baya ko a ƙasa kuma tana nan. A wannan takarda ko farantin ƙarfe ne ake samun sunan kamfani, lambar samfuri, wani lokaci har da shekarar ƙira. A ɗauki hotonta da waya kafin ruwa ko mai ya kusance ta, a kuma rufe ta da leda lokacin aiki.