Zafin bazara da direbobin da mota ta zame musu ɗaki a Gombe

A watannin Maris da Afrilu zafin garin Gombe kan kai digiri 40, amma cikin motar da aka rufe a rana yakan zarce haka nesa ba kusa ba, domin gilashi na shigo da rana ya kuma tsare zafin a ciki. Babu mai ɗanɗana wannan kamar direban tirela da yaron motarsa, ko masu ɗauko siminti daga Ashaka ko masu ratsa garin daga Bauchi zuwa Yola ta Kumo da Kaltungo. Kan mota ne makwancinsu.

Tsadar mai ce ta ƙara dagula lamarin. Farashin dizal ya yi tashin gwauron zabi tun 2022, fetur ya bi sahu bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Kunna AC ya koma sai wane da wane, balle a bar inji yana aiki mota na tsaye. Sai aka koma dabara: kwali a gilashin gaba, ƙaramar fanka mai caji, jiƙaƙƙen tawul a wuya, tabarma a ƙarƙashin tirela. Tawul ɗin na aiki sosai a Maris, lokacin da iska ke a bushe tana shanye ruwan. Da damina ta gabato iska ta yi laima, amfaninsa ya ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne barci. Wanda zafi ya hana shi runtsawa da rana, ya kuma zaɓi tafiyar dare don tayoyi da inji su sami sauƙi, shi ne zai yi gyangyaɗi a kan sitiyari. Kwanciya ƙarƙashin mota ma ba tsira ba ce, in wani ya tayar da ita bai leƙa ba.

Inuwa ita ce magani mafi araha, ita ce kuma ke ƙaranci. Tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996 gine-gine da gawayi ke cin itatuwa. Shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatin Inuwa Yahaya ta fara a 2019 ya zo a kan gaɓa, sai dai ya kamata ya isa tashoshi da wuraren da manyan motoci ke yada zango. A dasa darbejiya, a killace ta daga awaki, a ɗora wa ƙungiyar direbobi alhakin ban ruwa a bazarar farko.