Fitsarin Barewa a Kwalba: Dokar Farauta da Cutar Ramewa

Batun laccarmu ta yau da jin sa mutum zai ce ƙarami ne, watakila ma ya ba shi dariya, domin kuwa a kan wata 'yar kwalba ce ta fitsarin barewa da ake sayarwa a kantunan kayan farauta na Amurka da Kanada. Amma wannan kwalba ta sa hukumomi da 'yan kasuwa da masana sun fi shekara 10 suna ja-in-ja, kuma a cikinta akwai tambayar da duk mai tsara doka zai gamu da ita wata rana, watau yadda hukuma za ta yi da haɗarin da ake ganin ƙanƙane ne, amma in ya auku ba ya gyaruwa.

Dabbar da nake kira barewa a nan ba irin ta dazuzzukanmu ba ce. Danginta dabam ne, kuma namijin yana da ƙaho mai rassa wanda yakan zube kowace shekara ya sake tsirowa. Lokacin barbara, wajen watan Nuwamba, namijin yakan tona ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe, ya yi fitsari a wurin, ya lashi reshen, ya goga masa goshi. Sauran barewa su zo su shinshina, su lasa, su ma su bar nasu. Mafarauci ya san wannan sarai. Kamar yadda maharbinmu kan ɗaura kan burtu don ya yaudari idon naman daji, shi na can hanci yake yaudara: ya zuba fitsarin macen da ke neman barbara a ƙasa, ya hau itace ya jira.

Wannan fitsari daga gonakin kiwon barewa yake fitowa. Akan shigar da dabbobin wani ɗaki mai daɓen raga, fitsarin ya tsiyaye ya taru a ƙasa, na dabbobi da yawa a haɗe, tare da abin da ya biyo shi na kashi da miyau. Sa'an nan a ɗura a kwalabe a aika ko'ina cikin ƙasar.

To, da ba don cuta ɗaya ba, da babu mai ɗaga ido ya dubi wannan sana'a. Cutar ita ce wadda ake taƙaita sunanta da CWD, mu kuwa za mu kira ta cutar ramewa. An fara lura da ita a 1967 cikin barewar da ke tsare a wata tashar bincike a jihar Kolorado. A 1978 wata likitar dabbobi, Elizabeth Williams, ta duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu ta ga ta huhhuje kamar soso, ta gane cewa dangin wata tsohuwar cutar tumaki ce. Cutar haukar shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986 ita ma daga wannan gida take. A 1981 aka sami cutar ramewa a daji, a 2002 ta bayyana a Wiskonsin, nesa ƙwarai da inda aka san ta, yau kuwa tana cikin jihohi fiye da 30 na Amurka da wasu lardunan Kanada. Ta shiga Koriya ta Kudu ta hanyar dabbobin da aka sayo da rai daga Kanada. Dabbar da ta kamu takan rame, miyau ya riƙa dalala, ta daina gudun mutum, ƙarshenta ta mutu. Ba magani, ba allurar rigakafi. Har yau ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka same ta da ita.

Abin da ke haddasa ta ba ƙwayar cuta mai rai ba ce irin wadda muka saba ji. Wani furotin ne da jikin dabbar ke yi da kansa, amma ya naɗe a karkace, kuma in ya taɓa ɗan'uwansa mai lafiya sai ya karkatar da shi, haka har ƙwaƙwalwa ta lalace. Stanley Prusiner ne ya raɗa masa suna furayon a 1982. Tun da ba rai gare shi ba, kashe shi da wuya: tafasawa ba ta isa, sanyin hunturu ba ya yi masa kome. In ya zuba a ƙasa yakan manne da yumɓu, kuma bincike ya nuna wannan mannewa tana ƙara masa ƙarfin kamu. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2004, an sa barewa masu lafiya a shingen da masu cutar suka bari fiye da shekara 2, suka kamu. A ƙasar Aislan kuwa cutar tumakin nan ta dawo a wani garke bayan shekara 16.

Abu na biyu, wanda ya fi damun mai tsara doka, shi ne dabbar takan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tana ɗauke da cutar ba alamar kome, alhali tana zubar da furayon. Masana a Jami'ar Jihar Kolorado sun nuna a 2006 cewa miyau da jini suna yaɗa cutar, a 2009 kuma suka gano furayon cikin fitsari. Gwajin da hukuma ta fi dogara da shi sai dabba ta mutu ake yin sa, a ƙwaƙwalwa ko kaluluwar wuya. Ke nan mai gona zai iya ɗura fitsarin dabba mai cuta da zuciya ɗaya, mafarauci kuma ya zuba shi daidai inda barewa ke sa hanci da harshe.

Masu sana'ar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce furayon da ke cikin fitsari kaɗan ne matuƙa in an gwada da na ƙwaƙwalwa, kuma babu wata ɓarkewar cutar da aka bi sawunta har aka kai ga kwalba. Duka biyu gaskiya ne. Sai dai ta biyun ba ta da nauyin da suke ba ta, domin cutar da sai bayan shekaru ake ganin ta, wa zai tuna kwalbar da aka zuba a gindin wane itace?

Hukumomi sun rabu gida biyu. Lardin Ontariyo a 2010, da Alaska a 2012, da jihohin Birjiniya da Vermont a 2015, sun hana farauta da fitsarin gaske ɗungum, suka bar wa mafarauta na haɗi da ake yi a masana'anta. Wasu kuwa, irin su Mishigan, sun yarda da kwalbar da ke ɗauke da hatimin wani shiri da ƙungiyar masu sayar da kayan harbin baka ta kafa a 2016, wanda ya wajabta wa gona ta daina shigo da sababbin dabbobi, likita ya riƙa duba ta, daga baya kuma aka ƙara da gwada fitsarin kansa. Raunin wannan hanya shi ne an sha samun cutar a garken da ya shekara 5 ƙarƙashin sa idon gwamnati har ya sami takardar shaida. Tarayyar Turai ba ta tsaya dogon lissafi ba. Da cutar ta ɓulla a Norway a 2016, a shekarar aka hana shigo da fitsarin farauta daga waje, ita Norway kuma ta harbe garken dutsen Nordfjella gaba ɗaya, dabba fiye da 2,000.

A ganina masu hanawa sun fi gaskiya, saboda abin da mafarauci ya rasa kaɗan ne tun da akwai madadi, ƙasar da furayon ya shiga kuwa ba mai wanke ta. Amma kada mu ba wannan doka girman da ba nata ba. Manyan hanyoyin cutar su ne safarar barewa masu rai tsakanin gonaki, da ɗaukar gawa daga jiha zuwa jiha, da zuba abinci ko gishiri wanda ke tara dabbobi wuri guda. Hana kwalba ya fi sauƙi a siyasance bisa taɓa waɗannan. Bugu da ƙari, ikon hukumar namun daji a kan farauta yake, bai kai kanti ba, shi ya sa a Birjiniya bayan dokar 2015 kwalbar ta ci gaba da zama a kan kanta ana sayarwa, laifin sai an kai ta daji. Gandirebar daji kuwa, in ya tare mafarauci da kwalbar da aka ɓare wa takarda, hancinsa kaɗai ba zai gaya masa ta gaske ce ko ta haɗi ba.