Yadda Ake Cire Kwaɗo Daga Takardar Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wahalar da muka sha bara, bayan rasuwar wani abokin fataucinmu a nan Maraɗi, Allah ya jiƙansa. Duk bashin shanun da ya tura Legas yana cikin kwamfutarsa, a takardar Excel, ya sa mata lambar sirri bai gaya wa kowa ba. Magada na jira, masu bin bashi na jira, takarda kuwa ta ƙi buɗuwa. Sai da aka koma bin dillalai ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin abin da ya tuna.

To, kwaɗon nan iri biyu ne. Akwai wanda ke hana buɗe takarda ɗungurungum sai an sa lamba. Akwai kuma wanda takarda za ta buɗu ka karanta, amma ba ka iya bugawa ko gyarawa. Na biyun nan ba abin tada hankali ba ne, ka ce wa wanda ya aiko ya sake turo maras kwaɗo, shi ke nan.

Na farkon ne mai magana. Idan lambar tana hannunka, aikin bai kai shan shayi ba. A ce banki ya aiko maka da lissafin ajiyarka a PDF, irin takardar nan da kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993, kana so ka kai wa abokin hulɗa ba tare da ka ba shi lambarka ba. Sai ka buɗe ta da Chrome, ka sa lambar, ka danna "Imprimer" kamar za ka buga. A wurin zaɓen injin bugawa sai ka zaɓi "Enregistrer au format PDF". Sabuwar da za ta fito ba ta da kwaɗo, tsohuwar kuma tana nan yadda take. A Word da Excel kuwa, ka shiga "Fichier", sai "Informations", ka nemi wurin kariya inda aka rubuta lambar, ka goge ta tas, ka adana.

In kuwa lamba ta ɓace, gaskiya ɗaya ce. Tun daga Office na 2007 kulle ya yi ƙarfi ƙwarai, kamfanin Microsoft da kansa ya ce ba ya iya dawo da lambar da aka manta. Yaran shagon intanet da ke cewa za su fasa, canki-canki injinsu ke yi. In lambar gajera ce, kamar shekarar haihuwa, a dace. In doguwa ce, kuɗinka kawai za ka zubar.

Akwai kuma shafukan intanet masu cire kwaɗo kyauta. Ni dai ba na sa takardar banki a can, don ka miƙa sirrin dukiyarka ga wanda ba ka taɓa gani ba. Haka nan takardar wani amana ce, kada ka sa a buɗe sai da izininsa ko na magadansa.

Ni yanzu lambobina suna rubuce a littafin lissafi, cikin akwati, kuma babban ɗana da ƙanena sun san inda makulli yake.